Kalmar da Alhaji Ma'azu Ya Ce a Tsallake

Tun da Alhaji Ma'azu ya sauka a filin jirgin Baiyun na ƙasar Sin bakinsa bai huta ba. Mutumin da 'yan Kantin Kwari suka sani da tsadar magana, wanda sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ba ka amsa ɗaya, sai ga shi yana tafe a titunan Guangzhou yana ta motsa leɓe kamar mai lazimi. Ba lazimi yake yi ba kuwa. Yaren Slofakiya yake hadda.

Ga yadda abin ya faro. Ɗansa na fari, Abdulmumini, yana cikin karatun likita a Yukiren yaƙi ya ɓarke, ɗalibai suka watse, gudun ya kai shi maƙwabciyar ƙasa Slofakiya, a can ya ƙarasa karatunsa. A can kuma idonsa ya faɗa kan wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lenka, ya kafe a kan ita yake so. Aka tambayi malamai, suka ce ahlul kitabi ce, babu laifi. Uwar yaro ta yi kukanta, ta share hawaye, ta shiga tanadin atamfofi. Abu ɗaya ya rage. Mahaifin yarinyar, wani dattijo mai suna Ondrej, ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya ga uban yaro ido da ido.

A al'ada uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, ƙaninsa Tankari ya kamata ya je. Amma Bature ya ce shi uba yake son gani, ba ƙanin uba ba. To a ina za a haɗu? Bizar Turai ta ƙi samuwa, shi kuma Ondrej bai ma san ta inda ake bi a je Kano ba. Sai Allah ya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Ashe mutumin dillalin kayan famfo ne, duk shekara yana zuwa baje kolin Pazhou da ke Guangzhou, shi kuwa Alhaji Guangzhou ta zame masa kamar kasuwar Sabon Gari. Da aka gaya wa Alhaji sai da ya miƙe tsaye don murna. Ya ce, “Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!”

Turancin Alhaji na ciniki ne, na katon nawa, yaushe kaya za su tashi. Na Ondrej ma an ce ba shi da wani kauri. Shi ya sa Alhaji ya yanke wa kansa shawara cewa zai tarbi surukinsa da yaren garinsu, don ya san gidan mutunci 'yarsa za ta shiga. Sai dai ba zai iya buɗe baki ya roƙi ɗansa ya koya masa ba. Ya bi ta kan ƙanwarsa Surayya, autarsu, wadda ke da ofishin aika kaya a kusa da Baiyun, ta kuma iya Turanci har da na tsiya.

“Ki ce wa yaron nan ya turo miki 'yan kalmomi,” in ji shi. “Ba a fafe gora ranar tafiya.”

“Wane yaro, Yaya? Yara sun yi yawa a duniya.”

“Kin fi kowa sani.”

Surayya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sani mana. Tun ranar da aka raɗa wa Abdulmumini suna ba a taɓa jin sunan nan a bakin ubansa ba. Ɗan fari ne, kuma Alhaji mutumin da ne. Daga “yaron nan” sai “ɗan wajen Inna”, don kakarsa ce ta yaye shi. Ko ranar da yaron ya gama karatu, da aka kawo wa Alhaji albishir a shago, cewa ya yi “to, madalla”, ya ci gaba da auna yadi. Sai da ya shige bayan dilolin kaya ya yi sujada, ya daɗe bai ɗago ba.

Saƙon murya ya zo. Abdulmumini yana faɗin kalma da Turanci, sannan ya faɗi takwararta a hankali kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. “Water, voda. Bread, chlieb. Salt, soľ. Good, dobrý. Good day, dobrý deň. Thank you, ďakujem. My friend, môj priateľ.” Ya zo kan please ya ce prosím ne, amma a lura, in za ka miƙa wa mutum abu shi za ka ce, in kuma aka gode maka da shi za ka amsa.

Alhaji ya tafa hannu. “Kai! Kalma ɗaya aiki uku! Wannan ai ta fi ɗan dako amfani.”

Muryar ta ci gaba. “Father, otec. Daughter, dcéra. Son...”

“Tsallake wannan,” in ji Alhaji, ya kau da kai wajen taga.

“Yaya, ai ita ce kan gaba a zancen.”

“Na ce ki tsallake. Mayar da ni kan burodi.”

Ta tura masa saƙon a wayarsa, ya maƙala abin ji a kunne, shi ke nan gari ya shiga uku. A kasuwar Baima, inda ya je duba jallabiyoyin yara, ya tsaya gaban wata 'yar Sin da suka daɗe suna ciniki, ya dafa ƙirji ya ce mata, “Dobri jen!” Matar ta dube shi, ta dubi kayan da ke rataye, ta girgiza kai ta ce, “Meyo, lawban,” wato babu irin wannan a shagon. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Mai tasi ya sha jakuyem, mai gadin otal ya sha prosim, har Maidaji, mutumin Maraɗi da ke samo wa 'yan gida goro, sai da aka ce masa moy priyatel.

“Alhaji, lafiya? Ko Sinanci ne ya juye maka?”

“Gemu ba ya hana ilimi, Maidaji. Ba ni goro mai kyau, farare, na neman aure.”

Ranar haɗuwa Alhaji ya riga ladan tashi. Ya saka farar shaddarsa mai aiki, ya ɗora hula zanna bukar, ya fesa turare har Surayya ta ce ko shi ne angon. A cikin jirgin ƙasa zuwa Pazhou bai zauna ba ko da wuri ya samu. Yana riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da ƙullin goro da dabino, yana ta bita. Zuciyarsa fes, ji yake kamar ya tari kowane fasinja ya gaya masa inda za shi.

A wani gidan abincin Musulmin Sin da ke kusa da wajen baje kolin suka haɗu, bayan azahar. Ondrej dogo ne, kakkaura, gashin kansa fari fat, katin shiga baje koli na rataye a wuyansa. Yana shigowa Alhaji ya miƙe, ya buɗe hannuwa, ya saki murya yadda duk gidan sai da aka waiwayo.

“Dobri jen, moy priyatel!”

Bature ya tsaya cak. Sai fuskarsa ta washe, ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana girgizawa, ya ɓarke da yare kamar an buɗe famfo. Ko kalma ɗaya Alhaji bai tsinta ba, amma ya gyaɗa kai ya ce, “Dobri, dobri!” Ya waiwayi Surayya da ido yana cewa kin gani ko.

Aka zauna. Alhaji ya ɗaga wa ma'aikacin da ke kawo abinci hannu, wani magidanci mai farar hula, ya ce, “My son, bring tea.” Da butar ta iso Ondrej ya nuna ta ya ce su a wajensu čaj suke cewa. Mai farar hula ya ce su kuma cha.

“Mu kuma shayi!” Alhaji ya buga tebur. “Surayya, kin ji? Ashe duk duniya gidan mai shayi ɗaya muka fito!”

Ondrej ya zuge jakarsa ya fito da wani baƙin burodi mai tauri da ya taho da shi tun daga gida, da ɗan ƙullin gishiri. Ya yi bayani da guntun Turancinsa, Surayya tana cike giɓi, cewa haka suke tarbar baƙo mai daraja. Kafin ya rufe baki Alhaji ya nuna burodin ya ce “hileb”, ya nuna gishirin ya ce “sol”. Ya gutsira, ya dangwala, ya ci, ya ce jakuyem. Sannan ya kwance nasa ƙullin, ya zaɓi farin goro mafi girma, ya miƙa da hannu biyu ya ce prosim. Kafin Surayya ta yi gargaɗi Bature ya jefa rabi a baki ya tauna. Idanunsa suka kawo ruwa, wuyansa ya yi ja, amma ya daure ya haɗiye, ya ɗaga babban yatsa. Alhaji ya ji mutumin ya kwanta masa a rai. A zuciyarsa har ya fara lissafin wanda zai fara bugawa waya a Kano.

Sai Ondrej ya fito da wayarsa. Ga Lenka tana jaririya. Ga Lenka a kan keke. Ga Lenka ranar da ta gama makaranta. Lenka ta fi kowa ƙoƙari a ajinsu, Lenka ta yi jinyar mahaifiyarta har ta rasu, Lenka kaza, Lenka kaza. Alhaji yana murmushi yana cewa dobri, amma a ransa yana mamakin mutumin da zai zauna gaban baƙi yana yabon 'yar cikinsa haka ba ko kunya. Ya ce wa kansa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Hoton ƙarshe na mutum biyu ne, Lenka da Abdulmumini cikin farar rigar likita. Ondrej ya tura wayar gaban Alhaji. Alhaji ya yi mata kallo ɗaya, ya mayar da ido kan kofin shayinsa.

“To, saura kai,” in ji Ondrej. “Ba ni labarin ɗanka.”

“Yaron nan?” Alhaji ya gyara zama. “Yana nan dai.”

Ondrej ya jira. Da ya ga babu ƙari sai ya ce, “Mutumin kirki ne?”

“To, ba a rasa ba. Yara ne na yanzu, sai addu'a.”

Surayya ta fassara, ta ɗan zuba masa sukari, amma Bature ba yaro ba ne, fuskar Alhaji yake kallo ba bakinta ba. Murmushinsa ya fara ja da baya.

“Kana alfahari da shi?”

Alhaji ya yi 'yar dariya ya kaɗa hannu, irin ta wanda aka tambaya abin da ba a tambaya. A Kano da kowa ya gane amsar. A nan kuwa sai Ondrej ya kife wayarsa a kan tebur a hankali. Ya yi magana mai tsawo, muryarsa ƙasa ƙasa, yana neman kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya. Surayya ta saurara, annurin fuskarta ya ɗauke.

“Yaya, ya ce tun da muka zauna bai ji ka kama sunan yaron ba ko sau ɗaya. Ya nuna maka hotonsa ka kau da kai. Ya ce a garinsu in uba ya daina kiran sunan ɗansa, to ya sallama shi ke nan. Yana ganin fushi kake da shi saboda ya ɗauko 'yarsa. Ya ce ita kaɗai gare shi, ba zai kai ta gidan da aka rufe wa mijinta ƙofa ba.”

Alhaji ya zabura. “Subhanallahi! Ki gaya masa al'ada ce!”

Ta gaya masa. Ta yi bayanin ɗan fari, ta yi bayanin kunya da kara, ta kama sunan Abdulmumini ya fi a ƙirga, ta ce duk zuri'arsu babu kamarsa. Ondrej ya saurare ta da ladabi har ta gama. Ya ce ya ga gwaggo tana son yaron, wannan babu shakka. Amma shi ba gwaggo ya ƙetaro duniya ya gani ba.

 Alhaji ya tattaro Turancinsa ya ce, “He is my son.”

Ondrej ya nuna mai farar hula da ke goge tebur a gefe. Ya ce, “Shi ma ɗazu haka ka kira shi.”

Nan fa ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Gaskiya Baturen ya faɗa. Wannan my son ɗin Alhaji ya raba ta a Guangzhou kamar alewa, mai ɗaukar kaya ya samu, direba ya samu, ta zama kalmar kasuwa, babu nauyin komai a cikinta. Ta Hausa kuwa, wadda ke da nauyin, ta fi ƙarfin harshensa. Ya buɗe baki da niyyar kama sunan, sai ya ji kamar mahaifinsa da kakansa suna zaune a teburin suna kallonsa. Sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya.

Surayya ta ga abin zai lalace. Ta danna wayarta da sauri ta ajiye kusa da butar shayi, tana fatan Abdulmumini ya ɗauka ya yi wa mutumin bayani da yarensu. Alhaji bai lura ba. Idonsa na kan Ondrej, wanda ya miƙe, ya ɗauki wayarsa da jakarsa, ya miƙo hannu irin na sallamar da ba a sake haɗuwa.

Alhaji bai karɓi hannun ba. Ya jawo wayar Baturen da ke hannunsa na hagu, ya juya ta, ya nuna a buɗe. Ondrej ya buɗe, hoton nan ya fito. Wannan karon Alhaji ya kalla, kallo na sosai, irin wanda bai taɓa yi wa yaron a gaban mutane ba. Ya ga goshin mahaifinsa, ya ga tabon ciwon da yaron ya ji a haɓa ranar da ya faɗo daga kan dilar yadi yana ɗan shekara huɗu. Ya ɗora yatsa a kan farar rigar.

“Syn,” in ji shi.  Ya sake cewa, “Môj syn.”

Surayya ta saki baki. Kalmar da ya ce a tsallake ce, mai nufin ɗa. Ashe bai tsallake ta ba. Kullum in ya kaɗaice sai ya mayar da saƙon daidai wurin, ya ji muryar yaron tana faɗinta, ya sake mayarwa. Ta fi kowace kalma zama a kansa, bai dai taɓa furta ta ba.

Abin mamaki, da ya faɗa sai ya ji babu abin da ya same shi. Kunyar ba ta jin wannan yaren. Kakanninsa ma ba sa ji. Sai bakin ya buɗe.

“Môj syn! Dobrý syn! Dobrý, dobrý!” Ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu. Kalmomin suka ƙare masa, ya waiga yana neman wasu, idonsa ya faɗa kan teburin. Ya ɗaga ragowar burodin, ya nuna hoton. “Chlieb.” Ya ɗaga ƙullin gishirin, ya nuna hoton. “Soľ.” Ya ɗaga kofin ruwa, ya nuna hoton. “Voda. Môj syn.” Iyakar abin da ya sani ke nan, ya kuwa juye shi duka. Hawaye na bin gemunsa, bai ma san suna zuba ba.

Ondrej ya ajiye jakarsa a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa, leɓensa na motsi. Sai ya ɗora nasa yatsan a kan ɗaya fuskar da ke hoton, ya ce, “Moja dcéra.” Ya kama yatsan Alhaji ya matso da shi kan fuskar Lenka, ya mayar da nasa kan ta Abdulmumini. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Surayya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gidan abincin mutane, mai farar hula ya saki tsumma ya fito da ido, Bature ya rungume Alhaji har hular ta faɗi.

Cikin wannan hayaniya aka ji wata 'yar murya daga gindin butar shayi.

“Baba?”

Alhaji ya daskare. Ya dubi wayar, ya dubi Surayya. Ta ɗaga kafaɗa tana share ido da gefen mayafi. “Tun ɗazu yake kan layi, Yaya.”

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ta, ya daidaita ta a ka, ya haɗe fuska. “Kai kuma wa ya kira ka? Da baƙo nake magana. Ba ka da aiki ne yau a asibitin?”

 Sai yaron ya yi magana a hankali, yadda ya yi a saƙon nan, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya.

“Ďakujem, otec.”

Duka biyun Alhaji ya san su, suna cikin hadda. Ya dubi Ondrej, ya dubi rufin ɗakin, ya ja hanci. Sannan ya matso da bakinsa kusa da wayar.

“Prosím,” in ji shi.